Hannun Hagun Jikana

Da sunan Allah Mai rahama nake buɗe wannan tunawa, ina kuma roƙonsa ya tsare alƙalamina daga ƙari da ragi.

A Jidda aka haife ni, a wani lungu da ke bayan Bab Makka. Kakana ya taho aikin hajji daga ƙasar Hausa, ya sauke farali, Allah bai ƙaddara masa komawa ba. Na yi karatu a gaban malamai a nan da kuma Makka, daga bisani na zauna a unguwar Madain Fahd, inda nake limancin wani ƙaramin masallaci, ina karantar da fiƙihu da nahawu tsakanin magariba da isha'i. An kawo mini mas'aloli iri-iri a tsawon rayuwata: na gado, na saki, na ciniki, na wanda ya manta raka'a nawa ya yi. Ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana za a tambaye ni hukunci a kan ƙwallo ba, balle ƙwallon Amurkawa, wanda ko siffarsa ba ta ƙwallo ba ce, ya fi kama da gwanda mai tsini biyu.

Wanda ya jawo mini wannan mas'ala jikana ne, ɗan babban ɗana. A hannunmu ya tashi, ni da kakarsa, domin aikin mahaifinsa na yawon garuruwa ne. Yana kirana Sidi, yana kiran kakarsa Sitti, kamar yadda 'ya'yan Hijaz ke kiran kakanninsu. Ita kuwa ba ta da wani suna gare shi sai angona. Hausa yana jin ta sarai, amma in zai mayar da magana sai ya gauraya ta da Larabci, kamar mai zuba shinkafa da wake a tukunya ɗaya. Tun yana ƙarami Allah ya ba shi gudu. In an aike shi sayen gurasa, da zafinta yake dawowa, har ta ƙona masa tafin hannu.

Da ya gama sakandare ya tafi Amurka karatun injiniyanci a wata ƙaramar jami'a. Bai daɗe ba ya bugo waya yana haki, ya ce wani koci ya gan shi yana gudu a filin makaranta, ya kira shi, ya sa shi cikin ƙungiyar ƙwallo.

Na ce, “To, karatun fa?”

Ya ce, “Karatu yana nan, ya Sidi, wallahi. Duk wanda ya faɗi jarrabawa korarsa suke yi daga ƙungiyar.”

Na ce, “In haka ne, wannan koci ya fi wasu iyayen hankali. Allah ya yi albarka.”

Wasan kansa ban fahimce shi ba sai da taimakon wani bawan Allah mai salla a bayana, ɗan Najeriya, mutumin Zariya, wanda aikin gine-gine ya kawo shi Jidda. Injiniya muke ce masa. Ya yi karatu a Amurka, ya san wasan kamar yadda na san babin alwala. Wata rana bayan la'asar ya jera kofunan shayi a kan faranti gida biyu, ya ɗauki ƙwayar dabino ya ce ita ce ƙwallon. Ya nuna mini kofi ɗaya ya ce wannan shi ne mai jifa. Ya nuna wani a can gefen faranti ya ce wannan shi ne jikana. Aikinsa ya ruga a guje zuwa wani wuri da suka yi alkawari tun kafin a fara, ya waiwayo, ya cafe ƙwallon kafin ya taɓa ƙasa, alhali wani ƙato daga ɗaya ƙungiyar yana manne da shi yana neman hana shi. In ya kai ƙwallon ƙarshen fili, an ci.

Na ce, “Wato shi ɗan aike ne, sai dai saƙon a sama yake biyo shi.”

Injiniya ya ce, “Allah gafarta Malam, ko Amurkawan ba su faɗe shi da kyau haka ba.”

Shekararsa ta farko a gefen fili ya ƙare ta, yana tsaye da hular kwano a hannu. Injiniya yakan haɗa mana wayarsa da talabijin ranar Asabar, mu zauna muna kallon wasu 'ya'yan mutane suna ture juna. Kakarsa ba ta kallon wasan ko kaɗan. Gefen fili take bi da ido, in an hasko masu tsayuwa sai ta miƙe ta dangwala yatsa a jikin gilashin ta ce, “Ga shi nan! Ga ƙafafunsa nan kamar na balbela. Ba sa ba shi abinci a ƙasar nan.”

A shekara ta biyu aka fara saka shi jefi-jefi. Ranar da ya fara cafewa a gaban jama'a, kakarsa ta dafa shinkafa da rago ta rarraba wa maƙwabta, har wata Bamisiriya da ke hawan ƙasanmu ta hawo tana tambaya ko aure aka ɗaura. Amma da wasanni suka yi nisa sai muka lura, har ni da ban san komai ba, cewa wani lokaci ƙwallo yakan zo masa daidai, ya taɓa shi, ya suɓuce. A ƙarshen kakar wasan kocin ya kira shi ya gaya masa gaskiya. Ya ce gudunsa babu na biyunsa a ƙungiyar, kuma duk abin da ya zo masa ta dama ba ya faɗuwa. Amma in ƙwallo ya zo ta hagu, sai ya karkace jikinsa ta wata hanya da shi kocin bai taɓa gani ba, ya yi asarar taku, ƙwallon ya wuce. Abokan hamayya sun gane, sun fara tura shi inda jifa ba za ta same shi ba sai ta hagu. Ya ce akwai wani sabon yaro da zai shigo, gurbi kuwa ɗaya ne. In ya dawo daga hutu bai gyara ba, gurbin na yaron ne, shi kuma sai ya ajiye hular.

Haka ya sauka Jidda a tsakiyar zafi, ya yi faɗi, wuyansa ya yi kauri, amma fuskarsa babu walwala. Kakarsa ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, “Angona ya tafi yana dariya, ya dawo yana ɗaure fuska. Ko wata Ba'amurkiya ce ta ƙi ka? Faɗa mini in yi murna.”

Ya ce, “Ya Sitti, bar ni, don Allah. Ke kullum wasa.”

Washegari bayan la'asar Injiniya ya zo gaisuwa. Jikana ya ɗauko wayarsa ya nuna masa hotunan bidiyo da kocin ya tara masa, na duk jifar da ta suɓuce. Suna ta magana da Turanci, ni ina gefe ina jan carbi. Can sai Injiniya ya rage saurin hoton, mutane suka koma tafiya a hankali kamar masu iyo a cikin ruwa. Na leƙa don in ga wannan abin mamaki. Sai na ga jikana yana gudu, ƙwallo yana saukowa ta kafaɗarsa ta hagu. Hannunsa na hagu ya tashi zai tare shi. Yana kaiwa rabin hanya sai ya tsaya, ya ja da baya kamar wanda ya tuna wani abu, na dama kuma ya ƙetaro ta kan ƙirji yana neman isa wurin da ba nasa ba.

Na ce, “Injiniya, maido mini wannan.”

Ya maido. Na ce ya nuna mini na gaba. Duk ɗaya ne: hagu ya tashi, ya ji kunya, ya koma.

Wannan motsi na san shi kamar yadda na san rubutun hannuna. Na gan shi a jikin kowane yaro da ya taɓa zama a gabana. Yaro yakan miƙo hagu zai karɓi allo ko dabino, sai in riƙe abin, in dubi hannun ban ce komai ba, shi da kansa ya janye ya miƙo dama. Haka aka yi mini, haka na yi wa mahaifinsa, haka muka yi masa ni da kakarsa tun bai iya magana ba.

Ban faɗi abin da na gani ba tukuna, domin ba a yanke hukunci da zato. A lokacin yana zuba wa Injiniya shayi, butar tana hannunsa na dama. Na zagayo ta hagunsa na miƙa masa carbina na ce, “Riƙe mini, maza.” Hannun hagu yana nan a sake, ba ya riƙe da komai, carbin kuma yana gab da shi. Sai da ya dire butar a kan faranti, ya juyo da jikinsa gaba ɗaya, ya karɓa da dama, hagun yana tallafe da gwiwar hannun.

Injiniya ya dubi jikana, ya dubi wayar, ya sake duban jikana, sai ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi. Kakarsa ta leƙo daga kicin tana tambayar lafiya. Da aka yi mata bayani ta tafa hannu ta ce, “Alhamdu lillahi! Ashe tarbiyyata ta ƙetare teku ba ta jiƙe ba.”

Shi kuwa ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Ya ce, “La'ilaha illallahu. Ya Sidi, ashe ku ne! Koci ya kai ni wurin likitan ido, ya kai ni wurin likitan kafaɗa. Ashe ku ne, kai da Sitti.”

Na ce, “Mu ladabi muka koya maka, ɗan nema. Ba mu san za ka tafi wata ƙasa ka zama mai taren abin da aka jefo ba.”

Ya ce, “Tayyib. Yanzu mene ne hukunci? In na cafe da hagu na yi rashin ladabi?”

Da dariya ya yi tambayar, amma na ga idonsa, da gaske yake. Na ce masa ya ba ni zuwa gobe. Duk tambayar da aka yi da gaske tana da haƙƙin a yi mata nazari, ko da a kan ƙwallo ce.

Bayan sallar asuba na zaunar da shi a ɗakin littattafaina, kakarsa tana bakin ƙofa wai tana tsince shinkafa. Na ce masa abin da muka gada daga malamanmu shi ne ana son gabatar da dama a cikin duk abin da yake na girmamawa: ci, da sha, da musafaha, da bayarwa, da karɓa daga hannun mutum. Wannan yana nan daram, ba ni da ikon taɓa shi, ba na kuma so. Amma sana'a babinta daban. Maharbi da hagu yake riƙe baka. Mahayi da hagu yake riƙe linzami. Marubuci hagunsa ke riƙe takarda, damansa na tafiya da alƙalami. Babu malamin da ya taɓa kiran ɗayansu marar ladabi. Ƙwallon da aka wurgo daga nesa ba kyauta ba ce da babba ya miƙo, kayan aiki ne. Na ƙara masa da cewa tun da ya karɓi wannan aiki, abokansa kuma sun dogara da shi, wanda ya jefo ya jefo ne bisa amana, to kyautata aikin ya hau kansa, da duk hannun da ƙwallon ya fi kusa da shi.

Ya yi tsalle ya sumbaci kaina ya ce, “Halas! Fatawa ta fito!”

Da yamma muka hau rufin gida, Injiniya ya ja da baya ya jefo masa ƙwallo ta hagu. Hannun ya tashi, ya tsaya, ya koma. Ƙwallon ya bugi tankin ruwa. Aka sake, aka kuma sakewa. Fatawa ta shiga kunne, amma hannu bai ji labarinta ba.

Wannan bai ba ni mamaki ba. Na sha ganin ɗalibi ya haddace aya da kuskure tun yana yaro. Ka gyara masa, ya yarda, ya ga gyaran da idonsa a rubuce, amma da ya ɗauko karatu da sauri sai harshensa ya koma tsohuwar hanya. Irin wannan ba a gyara shi da hujja. Maimaitawa ce ta dasa shi, maimaitawa ce kuma za ta tumɓuke shi. Sai na shiga tunanin inda za a sami abin da za a yi ta jefa wa mutum daga safe har azahar ba tare da an gaji ba.

Ina da aboki a Bab Makka, sa'ana, tare muka yi karatun allo. Shi ya bi kasuwa, yana sayar da atamfa da shadda a wani lungu da mota ba ta shiga. In kaya suka zo, a bakin titi ake tsayar da motar, ma'aikata su jeru, su riƙa jefa wa juna turame daga hannu zuwa hannu har cikin shago. Na je na same shi na ce ina so ya sa jikana a cikin layin, ya tsayar da shi yadda kowane turmi zai zo masa ta hagu.

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce, “Maimaita, Malam, kunnena ya tsufa. Kai da ka ƙare rayuwarka kana dukan hannun 'ya'yanmu a kan hagu?”

Na ce, “Ban taɓa dukan ɗan kowa ba, Alhaji. Kallo kawai nake yi.”

Ya ce, “Ai kallon naka ya fi bulala. Ɗana yana da jikoki yanzu, amma in ya hango ka sai ya cusa hagunsa a aljihu.”

Ya dai yarda, har da murnarsa, domin ya sami ƙato mai aiki da ba ya gajiya. Nakan raka shi wasu ranaku in zauna a bakin shagon a kan kujera. Da farko turame sun sha ƙasa, abokina yana ihu, “Ya walad, kai yaro, shadda ce ba tabarma ba!” Sannu a hankali faɗuwar ta ragu. Wata safiya wata tsohuwa Bahaushiya 'yar unguwarmu ta zo sayen atamfa, ta tsaya tana kallo. Ta ga saurayi yana miƙa hagu yana karɓar kaya daga hannun wanda ya girme shi, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ta kasa haƙuri ta ce, “Kai! Ɗan gidan wane ne wannan? Ba shi da manya a gida?”

Abokina ya nuna ni da haɓa ya ce, “Hajiya, jikan liman ne. Ga limamin nan zaune, shi ya kawo shi da kansa.”

Ta dube ni, ta gane ni, domin ni na ɗaura auren 'yarta. Ta ce, “Malam, lafiya kuwa?” Na buɗe baki zan fara bayanin maharbi da mahayi, sai na ga bayanin zai yi tsawo, rana kuma ta yi zafi. Na ce, “Hajiya, magani ne.” Ta ce, “Allah sarki, Allah ya ba shi lafiya,” ta ƙara da addu'a mai tsawo. Abokina ya shige bayan tulin shadda, ina jin shessheƙar dariyarsa.

A gida kuwa sai da aka ja daga. Wata rana ya dawo daga kasuwa a gajiye, kakarsa ta miƙo masa kofin shayi, ya kai hagu ba tare da ya sani ba. Ta janye kofin ta tsaya tana kallonsa.

Ya ce, “Ya Sitti, ai Sidi ya halatta.”

Ta ce, “Sidinka ya halatta a kasuwa. A gidana ni ce mai fatawa. Abin da na miƙo maka, dama. Abin da ya taho a sama, kai da Allahnka.”

Na ce wannan rarrabewa ta fi tawa daidaito, da a littafi na same ta da na yi mata sharhi. Ban san ta ɗauki maganarta da gaske ba sai washegari, yana wucewa ta ƙofar kicin, sai ga albasa ta fito a guje ta hagunsa, da murya a bayanta: “Angona, cafe!” Ta buge shi a kunne. Daga ranar bai ƙara samun zaman lafiya a gidan ba. Lemon tsami, dankali, makullin ɗaki, marfin tukunya, ba ta sanarwa, ba ta zaɓen lokaci. Yana fitowa daga wanka, yana amsa waya, yana ɗaura takalmi. Lokacin cin abinci kaɗai take ɗaga masa ƙafa. Injiniya ya ce a ganinsa duk cikinmu babu mai horarwa kamarta, domin a fili ma ƙwallo ba ya sallama.

Ni ma ban tsira ba. Yakan ja ni bakin teku da sassafe, kafin zafi da gumin Jidda su sauko, ya ba ni ƙwallon ya ce in jefa. Ƙarfina ya ƙare, saitina kuma dama babu shi. In na nufi gabas sai ƙwallon ya yi kudu yana tangaɗi. Na ce masa ya nemi wanda ya iya. Ya ce, “La, ya Sidi, kai nake so. Wanda ya cafe jifarka, babu jifar da za ta gagare shi a duniya.” Na ce Allah ya shirye shi. Wata rana wasu ɗalibaina suka zo wucewa suka gan ni na naɗe hannun riga ina wurgi. Suka tsaya, suka yi sallama cikin ladabi, suka rasa inda za su sa idonsu. Na ce su zo su taya ni, kafaɗata ta gaji. Suka ajiye littattafansu a kan dakali suka shigo.

Ranar da zai koma, a filin jirgi, kakarsa ta rungume shi tana kuka, ta sake shi, ya juya ya yi nisa kaɗan, sai ta zaro lemo daga jakarta ta wurga. Bai ko tsaya ba. Hagunsa ya fita shi kaɗai ya ɗauke lemon a sama, ya ɗaga mata shi, ya wuce. Wani ma'aikaci da ke tsaye ya ce, “Masha Allah.”

Amma lemo ba ƙwallo ba ne, a filin jirgi kuma babu ƙaton da ke bin sa. Bayan makonnin horo ya bugo ya ce kocin ya ga canji, sai dai bai yanke ba. Sabon yaron ma gwani ne. A wasan farko za a saka su duka biyu, a ga wanda zai tsaya a gaban jama'a da abokan hamayya na gaske.

Wasan ranarsu ne a can, a nan kuwa ya faɗo bayan magariba. Na ɗaga darasin ranar. Injiniya ya zo da wayarsa, abokina na Bab Makka ya zo da dabino da surutunsa. Aka fara. Sabon yaron aka fara jefa wa, ya cafe da kyau, filin ya ɗauki sowa. Na tsinci wani abu yana motsi a zuciyata wanda bai dace da mai furfura ba, na yi istigfari, na roƙa wa yaran biyu alheri, domin shi ma ɗan wasu ne, wataƙila da tasa kakar a gaban talabijin. Matata ba ta wahalar da kanta da wannan ba. Ta ce, “Wannan ɗan gajeren, ina zai kai?”

Aka jefa wa jikana ɗaya ta dama, ya riƙe. Abokina ya yi kabbara, amma Injiniya ya girgiza kai ya ce wannan ba ita ce jarrabawar ba. Ya nuna mana yadda mai tsaron nasa ke tsayawa a damansa, yana rufe wannan ɓangaren da gangan, yana bar masa hagu a buɗe kamar mai cewa bismilla. Sun yi nazarinsa tun bara. Mai jifar ma da alama yana tsoro, in ya dubi wajen jikana sai ya juya ya jefa wa wani.

Muna cikin haka aka kira isha'i. Na miƙe. Abokina ya ce, “Malam, na'ibinka fa yana nan.” Na ce na'ibi na ranar ciwo ne da tafiya, ni kuwa lafiyata ƙalau, ga ni a gari. Suka tashi suka biyo ni, Injiniya yana waiwayen talabijin har bakin ƙofa. Muka bar matata ita kaɗai.

Na ja salla kamar yadda na saba, ban gajarta ba, ban tsawaita ba. Abin da zuciyata ta yi fama da shi a tsakanin kabbara da sallama, wannan tsakanina da Ubangijina ne, shi ne Mai afuwa. Muka idar, muka yi nafila, muka fito muna neman takalma. Sai ga guɗa ta keto unguwar daga tagar gidana, ba irin ta Larabawa ba, irin wadda ta gada daga mahaifiyarta, mai tsawo, mai kaɗa hanci. Mutanen masallaci suka tsaya cak. Abokina, mai ciwon gwiwa, wanda kullum sai an jira shi a matakala, ya riga mu isa gidan, yana sanye da takalmi wari ɗaya.

Muka same ta a tsakiyar ɗaki, ɗankwali ya zame, tana rungume da matashin kai. Muka tambaye ta abin da ya faru, ta kasa jera magana. Sai ta wurga matashin sama, ta miƙa hagu ta cafe, ta zube a kan kujera tana dariya da hawaye. Injiniya ya mayar da hoton baya.

Na ga jikana ya fita a guje ta gefen fili, mai tsaronsa yana manne da damansa. Na ga mai jifar ya duba ko'ina bai sami kowa ba, ƙattai sun taso masa, ya saki ƙwallon da ƙarfi don dole. Jifar ta yi nisa, ta yi hagu ƙwarai, har na ce a raina ta fita. Jikana ya miƙe a iska gaba ɗayansa. Hannun hagu ya tafi, bai tsaya ba, bai waiwayi kowa ba. Ƙwallon ya zauna a tafinsa, ya janyo shi ƙirji, na dama ya zo ya rufe, suka faɗi tare a bayan layin ƙarshe. Abokansa suka rufe shi har ba a ganin komai sai ƙafafun.

Abokina ya ce, “Wannan kamun turmin shadda ne! A shagona ya koye shi!”

Matata ta ce, “Alhaji, ka ji tsoron Allah.”

Na ce a sake nuna mini, a hankali. Aka sake. Na yi hamdala.

Washegari bayan asuba ya bugo. Muryarsa ta dushe. Ya ce kocin ya kira shi gefe bayan wasa ya ce gurbin nasa ne, shi zai riƙa farawa. Na tambaye shi ɗaya yaron. Ya ce ba a kore shi ba, an mayar da shi wani matsayi a tsakiyar fili, kuma shi ne ma ya fara ɗaga shi daga ƙasa. Na ce ya gaishe shi, ya kuma kyautata masa. Na tambaye shi salla, ya ce ya yi. Na tambaye shi karatu, ya ce yana da jarrabawa a makon, littafin yana gabansa. Na ce to ya rufe ya kwanta, jikinsa ya sha ƙasa.

Ya ce, “Wallahi ya Sidi, haƙarƙarina, in na yi dariya kamar ana soka mini wuƙa. Don Allah kada ka ba Sitti wayar.”

Ta riga ta karɓe ta daga hannuna.